Mai gyara, wa ya ba ka izinin goge kwamfutar mutane?

Tun jiya nake ganin wasu suna kare yaron nan mai gyara a kan maganar ɗalibar nan ta Marwa a Kamaru, kuma wallahi abin ya ba ni haushi. Yarinya ta kawo kwamfuta ta ce tana nauyi, a duba mata. Kai kuma ka soka filash, ka goge komai, ka ɗora Windows 11, ka miƙa mata kana murmushi. Kundin digirinta, hotunan bikin yayarta, takardun shagon babanta, duk sun tafi. Sannan a ce wai ita ce da laifi don ba ta ajiye kwafi ba? Haba jama'a!

Ka tambaye ta? Wannan ita ce tambayata, kuma ba zan sauka daga kanta ba. Kafin ka danna wancan maɓallin, ka ce mata "Ƙanwata, akwai abin da kike so a ciki?" Magana ce da ba ta kai minti ɗaya ba. Tela ma ba ya sa almakashi a shaddar mutum sai ya gwada shi ya ji irin ɗinkin da yake so.

Wani ya rubuto mini wai ai Windows 10 ta mutu, dole a sauya. Microsoft ta daina ba ta gyaran tsaro na kyauta ranar 14 ga Oktoba 2025, gaskiya ne. Amma kwamfutar ba ta daina tashi ba, fayiloli ba su narke ba. Kuma ko sauyawar za a yi, a cikin shirin ɗora Windows ɗin kansa akwai zaɓin da ke barin fayilolin mutum inda suke. Wanda ya tsallake shi ya goge faifai gaba ɗaya, gaggawa ce kawai ta sallamar wannan a karɓi kuɗin na gaba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, kwamfutar ma ba ta cancanci Windows 11 ba. Windows 11 tana buƙatar TPM 2.0, wato wani ɓangaren tsaro da ke cikin injin, da RAM aƙalla giga 4, da wurin ajiya giga 64, in kuma ƙwaƙwalwar injin ta kamfanin Intel ce, sai samfurin ƙarni na 8 zuwa sama. Yawancin na hannun da ke shigo mana Garwa da Marwa da Ngawundare sun girmi haka. Sai a ɗauko Rufus, manhajar da ake sa Windows a filash da ita, a tsallake sharuɗɗan a tura ta da ƙarfi, alhali Microsoft da kanta ta ce ba ta yi alkawarin sabuntawa ga irin waɗannan injinan ba. Mai kwamfuta bai san an yi masa haka ba. Yana komawa gida fanka ta fara ihu, a zafin Marwa na watan Afrilu, buɗe Word kaɗai sai ya jira. Nauyin da aka zo gyarawa ya ninka. Da an tambaya, da wataƙila an gane tsohon faifai mai juyawa ne matsalar, a sa SSD, wato faifan zamani mai sauri da ba ya juyawa, a huta.

Kada wanda ya ce mini "ai Windows ɗin ta ƙi tashi ne, ba yadda za a kwashe." Ƙarya ne. Ka sa Linux Mint, wata manhaja da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, a filash, ka tada injin daga kansa ba tare da ka ɗora komai ba, ga fayiloli nan a gabanka, ka kwashe su zuwa wani faifan. Duk mai gyaran da ya isa a kira shi mai gyara ya san wannan. Wanda bai sani ba ya koma wajen maigidansa ya ƙara koyo, ba abin kunya ba ne. Kuma tun da maganar ta zo, tsohon inji da aikinsa bai wuce rubutu da intanet ba, Mint 22 tana da tallafi har 2029, kyauta, babu lasisin sata. Amma ita ma sai an tambayi mai abu, don wani aikinsa ba ya tafiya sai da Windows.

'Yan'uwana masu gyara, na san wahalarku. Wuta tana ɗaukewa ana tsakiyar aiki, mutane suna tsaye a kanku suna cewa a yi sauri, kuɗin aikin ba yawa. Amma amana aka ba ku. Abin da ke cikin injin nan sau da yawa ya fi injin tsada a wurin mai shi. Ku tambaya, ku kwashe, sannan ku goge.

Ita kuma ɗalibar, wanda ya san ta ya gaya mata ta kashe kwamfutar nan, kada ta ƙara ajiye komai a ciki. In faifan mai juyawa ne, manhajar dawo da fayiloli mai suna PhotoRec na iya tono wani abu daga abin da ba a rubuta sabo a kansa ba.

Sai kuma wani abu da na daɗe ina son faɗa: ku da kuke ɗora Windows ta Faransanci a kan injin da ya zo daga Najeriya ko Dubai, don Allah ku riƙa daidaita allon rubutun. Maɓallai QWERTY ne, tsarin Turanci, kun bar shi a AZERTY, tsarin Faransanci, mutum ya danna A ya ga Q, har ya kasa shigar da kalmar sirrinsa ya ɗauka an yi masa kutse.