A daina mayar da aikin ƙauye horo

Duk shekara, da damina ta fara ja da baya ana shirin komawa lakwal, wato makarantar boko, a watan Oktoba, sai zirga-zirga ta ƙaru a ofisoshin ilimi da na lafiya a Damagaram. Takarda ce ta fito: an tura wani malami ko wata ungozoma wani ƙauye a Damargu ko can bayan Gure. Shi ne ake neman wanda ya san wani, ya sa baki a soke. Kawu ya je, surukin kawu ya je, in ta kama har takardar likita sai a nemo.

Ni dai ban ɗora wa ma'aikaci laifin shi kaɗai ba. Mu ne muka mayar da ƙauye bulala. Wanda ya yi wa shugabansa tsaurin ido, a ce "a kai shi daji ya ji a jikinsa". Wanda ba shi da kowa a sama, shi ma daji. To da wane baki za a ce wa yaron da ya gama karatu jiya ya ɗauki tabarmarsa ya tafi da murna?

Alhali can mutanen suke. Ƙidayar 2012 ta nuna jihar Damagaram ta fi kowace jiha yawan jama'a a Nijar, sama da mutum miliyan 3 da rabi, kuma mazauna birnin ba su kai kashi ɗaya cikin goma ba. A 2011 an ɗaga Belbeji, Tesker, Dungas, Takeita da Damagaram Takaya suka zama gundumomi, don hukuma ta matso kusa da talaka. Tun 2006 aka ce yara ƴan ƙasa da shekara biyar za a duba su kyauta. Amma kyautar ba ta da amfani ga uwar da ta yi tafiyar rabin yini a amalanke ta tarar da ɗakin shan magani a kulle, mai makulli yana unguwar Sabon Gari ta birnin Damagaram wajen iyalinsa.

Abin da ke korar ma'aikaci ba a ɓoye yake ba, kuma na farko masauki ne. Za a gina aji, a gina ɗakin haihuwa, a manta cewa mai aikin ma mutum ne mai kwana. Sai mai gari ya ba shi aron zaure ko wani ɗaki da ake ajiye hatsi. Saurayi zai iya haƙuri da haka. Magidanci ba zai kawo matarsa nan ba, sai ya riƙe gida biyu da albashi ɗaya. Ɗan kwantaragi kuwa, wato malamin da ba a ɗauka aikin dindindin ba, wanda abin da ake ba shi bai taka kara ya karya ba, idan kuɗin ya fito sai ya jira ranar kasuwa ya sami mota zuwa babban gari, zuwa da dawowa yara na zaune. Ga ruwa: a Damargu rijiya na da zurfin da sai an ɗaura wa raƙumi ko sa igiyar guga. Ga kuma ajin zana, wanda ba a iya kafawa sai an gama girbi an sami kara, shi ya sa a ƙauyuka da dama karatu ba ya kankama sai sanyi ya shigo.

Akan ce ai zaman ƙauye da sauƙi, gero na da arha, mutane na da kyauta. Da kaka gaskiya ne, har dami za a kawo maka. Amma mai faɗin haka ya koma a watan Yuli, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, tiya ta hau, manomin da ya ba ka dami shi ne zai zo neman rance a wajenka.

Sai dai wasu ma'aikatan su ma da nasu. Akwai mai sauka Litinin da azahar, Alhamis ya hau babur. Akwai mai kallon mutane a matsayin "ƙauyawa", bai je gaida mai gari da liman ba, ba a ganinsa a suna, ba a ganinsa a jana'iza, sannan ya yi mamakin an ƙi sa ƴaƴa mata lakwal. Wanda aka tura wajen Gure ko Tesker bai koyi ko gaisuwa da Barbarci ko Fulatanci ko Tubanci ba, shi ya rufe wa kansa ƙofa. Matar da ke naƙuda da tsakar dare ba za ta yarda a kai ta wurin baƙuwar da ba ta taɓa zama da su a tsakar gida ba, gara ta kira tsohuwar unguwa.

Gyaran da na fi ba muhimmanci bai buƙatar ko dala. A rubuta wa'adi a jikin takardar: shekara kaza za ka yi, in ka cika ka zaɓi inda za ka koma, kuma ka riga wanda bai taɓa barin birni ba samun ƙarin girma. Abin da ke karya zuciya shi ne rashin sanin ranar dawowa, kana gani abokin karatunka na koyarwa a unguwar Birni cikin Damagaram don yana da kawu. A kuma fitar da takardun tun kafin damina, mutum ya je ya ga wuri ya shirya. Batun gida kuwa, duk magajin garin da zai sa hannu a kan gina sabon aji, ya nemi a haɗa da ɗaki biyu da bayan gida na malami a cikin kwangilar.