Teburin gyaran farce: kafin ku damu da fenti, ku duba tawul ɗin nan

Masu gyaran farce, yau da ku nake, kuma na san ba kowa maganar za ta yi wa daɗi ba. Duk sanda aka tayar da zancen teburin aiki, tambaya ɗaya ake ta nanatawa: me zan shimfiɗa don kada asiton, ruwan nan na cire jan farce, ya cinye min fenti? Ban raina tambayar ba, kuɗi aka sa aka sayi teburin. Amma a ganina akwai wadda ta riga ta. Saman teburin nan, in jini ya ɗiga a kai ko jel, man farcen da ake daskararwa da fitila, ya zube, zai wanku tas kafin wata ta zo ta ɗora hannunta? In zai wanku, matsalar fenti ta warware da kanta. In ba zai wanku ba, duk kyan da yake yi a hoto bai amfana wa kowa komai ba.

Asiton dai ba shi da laifi, aikinsa yake yi. Jan farcen kwalba da aka saba da shi da yawancin man sheƙin da kafintoci ke fesa wa katako 'yan gida ɗaya ne, sinadarin da ke daskarewa ya ba su ƙyalli iri ɗaya ne. To abin da aka saya don ya narkar da na kan farce, ta yaya zai ga na kan teburi ya ƙyale? Ɗigo ɗaya ya isa ya bar farin tabo mai danƙo. Haka yake yi wa robar nan mai kama da gilashi da ake jera kwalabe a ciki, ta yi hazo, daga baya ta tsattsage. Abin da ke jure masa bai da yawa: gilashi, ƙarfen da ba ya tsatsa, da robar da za ku ga lamba 2 ko 5 a gindinta, shi ya sa ma a irinta ake sayar da shi. Fomeka tana jurewa in an goge nan take, sai dai rauninta a gefe yake, wurin haɗi, inda ruwa ke ratsawa ya kumbura mataccen katakon da ke ƙasa. Mabul kuwa, duk tsadarsa, yana shan ruwa, kuma man share fage mai asid da ake shafa wa farce kafin a gina masa akirilik, wato farcen roba, yana cin sa.

Abin da ake mantawa shi ne, fentin da ya narke ba muni kaɗai ya jawo ba. Wurin ya zama ƙaiƙashasshe, ya yi 'yan ramuka da tsaga, ƙurar farce da damshi su samu wurin zama. Irin wannan wuri ba ya tsabtatuwa, ko da me aka fesa masa.

Ni zaɓina gilashi ne, ba na ɓoyewa. Mai tauri wanda aka gasa, kaurin milimita 6 ya wadatar, a sa a yanka shi daidai faɗin teburin a goge bakinsa tun kafin a gasa shi, kada ya yanki kowa, a sa 'yan ƙananan robobi a ƙasa don kada ya zame. Gam ko jel in ya bushe a kai, reza kawai za a kwantar a kankare. Wanda teburinsa ya riga ya ci tabo ma ba sai ya jefar ba, a goge wurin ya yi sumul a ɗora gilashin. Sharaɗi ɗaya ne: a riƙa ɗaga shi ana goge ƙasansa. Ruwa in ya zubo ta gefe, tsakanin gilashi da katako yake kutsawa ya kwanta. Masu jera hotunan zanen farce a ƙarƙashi su yi wata da watanni ba su ɗaga ba, ku ɗaga yau ku gani. Shimfiɗar silikon ma ba ta da laifi, tana wankuwa, tana jure ɗigon asiton, amma ƙura na manne mata sosai, kuma ran da almakashi ya yanke ta, ranar ta tashi aiki.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe. Tawul.

Babu abin da na fi ƙi a kan teburin gyaran farce irin tawul ɗin da ake shimfiɗawa da safe, ba a ɗauke shi sai an tashi. Ana ganin kamar shi ke kare teburi. E, yana karewa, amma ta hanyar shanye duk abin da ya zubo ya riƙe. Ruwan akirilik da aka share burushi a kai yana ciki. Ɗanyen jel da ya ɗiga daga bakin kwalba yana ciki. Ƙurar da aka goge daga farcen mutane daban-daban tana ciki. Sannan a kan wannan tawul ɗin mai aiki ke jingina damtse da gefen hannu tun safe har dare, kwastoma ma a kansa take kwantar da tafinta.

Sinadaran da ke cikin jel da ruwan akirilik, musamman wanda ake rubutawa HEMA a jikin kwalba, in sun daskare sarai ba su cika damun kowa ba. Ɗanyensu ne matsala. In suna taɓa fata yau da gobe, jiki yakan wayi gari ya ƙi su: ƙaiƙayi, ja, ƙuraje masu ruwa a yatsu, fata ta tsattsage, wani lokaci har fatar ido da wuya, don hannu yana kai wa can. A 2018 ƙungiyar likitocin fata ta Birtaniya ta fito ta yi gargaɗi kan yadda wannan borin jiki ke yaɗuwa tsakanin masu aikin da masu zuwa a yi musu. Daga 2021 Tarayyar Turai ta taƙaita kayan farce masu HEMA ga ƙwararru kaɗai, tare da tilasta rubuta gargaɗi a jiki. Kuma abin tsoron, in jiki ya kama, ya kama ke nan, ba ya saki. Dangin waɗannan sinadarai ne a cikin farin abin da likitan haƙori ke cike rami da shi, da simintin da ake riƙe ƙashin roba da shi a tiyatar gwiwa ko ƙugu. Wato sakacin tawul na iya bin mutum har gadon asibiti bayan shekaru, ban da sana'ar da zai iya rasawa.

Akwai wani abu kuma da ba kowa ya sani ba. Gam ɗin manna farce in ya zube da yawa a kan auduga, zafi yake yi nan take, zafin da ke iya ƙona fata. Tawul auduga ne. Zanen da ke cinyar kwastoma ma wataƙila auduga ne.

Mafita ba ta da wuya: takardar shimfiɗa mai leda a bayanta, irin wadda likitocin haƙori ke ɗora wa mutum a ƙirji. Kowace kwastoma da tata, an gama a naɗe a jefar. Burushi kuma a ba shi 'yar takardarsa daban a gefe, nesa da inda hannu ke sauka, a canza ta da zarar ta jiƙe. Wanda ya ce shi dai sai tawul, to ya tanadi da yawa, mutum ɗaya tawul ɗaya, a wanke da ruwan zafi. Safar hannu kuma ta naitiril, ba ta roba mai talewa ba, kuma ita ma a sauya ta akai-akai, don sinadaran nan suna ratsa ta a hankali, asiton kuwa da sauri.

Sai batun gogewa, inda kusan kowa ke ganin ya iya. A fesa, a share, a ce wa ta gaba bismillah. Wannan share ƙura ne, ba kashe ƙwayoyin cuta ba. Aiki biyu ne, kuma ɗaya na gaba da ɗaya. Na farko a kwashe datti: ƙura da maiƙo, da ɗan tsumma mai damshi da ruwan sabulu. Ba a hure ƙurar da baki, ba a karkaɗe ta da busasshen burushi, don tashi take yi ta shiga hanci, sauran ta dawo ta sauka inda aka share. Na biyu a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta a bar wurin a jiƙe har tsawon lokacin da aka rubuta a jikin kwalbar. Wannan lokacin shi ne maganin. Shuɗin ruwan nan na Barbicide da ake surkawa, minti 10 yake buƙata. In an share shi bayan daƙiƙa 5, ƙamshi kawai aka saya. In kuma an fesa shi a kan ƙura da man hannu, bai ma isa ga abin da aka aike shi ba.

Sifirit fa? Mai kashi 70 cikin 100 ya fi mai 99 kashe ƙwayoyin cuta, abin da ke ba mutane mamaki, don ruwan da ke ciki ne ke taimaka masa ya ratsa su, ya kuma hana shi bushewa da wuri. Duk da haka saurin bushewar tasa ce rauninsa a kan faffaɗan wuri. Mai ƙarfin a bar shi ga share danƙon saman jel. Asiton kuwa ba maganin ƙwayoyin cuta ba ne ko kaɗan, ƙarfin warinsa kada ya ruɗe ku.

In an yanki mutum, ko da ɗan ƙaramin ɗigo ne, aiki ya tsaya. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya yin kwana 7 ko fiye a busasshen jini tana da rai, kuma ba sai jinin ya kai ido ya gan shi ba. A sa safar hannu, a kwashe da takarda, a wanke, sannan a jiƙa wurin da maganin da aka rubuta yana kashe ta, ko bilic awo 1 a ruwa awo 9. Bilic ɗin da aka surka ba ya kwana, kullum sabo ake haɗawa, kuma yana sa ƙarfe tsatsa. Don Allah kada a gauraya shi da komai. Da asiton ko sifirit yana haifar da kulorofom, sinadari mai cutarwa in an shaƙa, da sabulun goge gilashi mai amoniya kuma yana tayar da iska mai guba. A teburin da duk waɗannan kwalabe ke tsaye kafaɗa da kafaɗa, wannan ba zancen wasa ba ne.

Na san abin da za a ce: wa ke da minti 10 tsakanin kwastoma da kwastoma, ga layi? Gaskiya ne, lokaci kuɗi ne a wannan sana'a. Amma minti goman ba zama za a yi ana kallon teburi ba. A fesa tun tana tashi, kafin a karɓi kuɗi, a wanke hannu, a kai kayan ƙarfe wurin wanki, ta gaba ta wanke nata hannun ta zaɓi kala, ai lokacin ya cika. Akwai kuma magungunan da minti 1 zuwa 3 suke buƙata, a karanta jikin kwalba a zaɓa. Abin da ke cin lokaci da gaske tarkace ne. Kwalabe hamsin a jere, furen roba, kwanon duwatsun ado a buɗe, kofin shayi, caja. Duk abin da ke kan teburi sai an ɗaga shi kafin a goge ƙasansa, kuma mun san ba za a ɗaga ba. Fitila, matashin hannu, na'urar zuƙe ƙura, da kayan aikin mutum ɗaya, su kaɗai ke da hurumin zama a sama. Jel ma ya fi son durowa, don hasken rana ta taga ko wanda ke tsallakowa daga fitilar busarwa yana daskarar da shi a bakin kwalba da kan burushi.

Wuraren da hannu ke taɓawa ba a lissafa su: maɓallan fitila da cikinta inda yatsu ke gogar bango da ɗanyen jel, mariƙin injin goge farce, murafen kwalabe, hannun durowa, da wayar da ake ɗauka da safar hannu a yi hoto. Matashin hannu in na yadi ne, a rabu da shi a nemi mai fatar roba da ke goguwa.

Kwandon shara ma cikin kayan teburi yake. Asiton a digiri 56 yake tafasa, saboda haka audugar da aka jiƙa aka jefa a buɗaɗɗen kwando tana nan tana turara ɗakin har ta bushe. Tururinsa ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, kuma saurin kama wuta gare shi. Kwandon ƙarfe mai murfin da ke rufe kansa ake so, a zubar kullum, kuma kyandir mai ƙamshi ba shi da wuri kusa da nan. Na'urar zuƙe ƙura ƙura take kamawa, ba wari ba, in ba a wanke matacinta ba ma dawo da ita take yi. Fanka kuwa raba warin take wa kowa. Shi ya sa a 2016 jihar New York ta Amurka ta wajabta wa shagunan farce bututun da ke zuƙe iska daga kan teburin kansa ya fitar waje, bakinsa kada ya yi nisan da ya wuce inci 12 daga inda ake aikin.

A cikin durowa, kayan ƙarfen da aka tsabtace su zauna a rufaffen mazubi, waɗanda aka yi aiki da su a wani daban, kada su haɗu. Magogin farce na takarda, soson laushi da tsinken katako ba sa wankuwa, mutum ɗaya ake yi wa aiki da su a jefar, ko a ba ta nata ta tafi da shi. Akwatin nan mai shuɗiyar fitila da ake zuba kayan aiki a ciki wai don kashe ƙwayoyin cuta kuma wurin ajiya ne kawai, haskensa ba ya shiga maƙogwaron almakashi. Mai son kashe komai da komai sai tukunyar tururi mai matsi, digiri 121, aƙalla minti 15.