Motar alfarma mai jan gaba: wai da gaske ba ta isa ba?

Duk inda aka kawo maganar Lexus ES a cikin masu son mota sai ka ji wani yace ai wannan Camry ce aka yi wa kwalliya, ja ma da tayar gaba take yi, ba ta isa a jera ta da Mercedes E-Class ko BMW 5 Series ba. Ni dai na gaji da jin wannan maganar ana yinta kamar an gama bincike an rufe littafi, shi yasa zan faɗi nawa. Dogo ne, wanda ba zai iya ba ya wuce abinsa.

Masu sukar nan ba haushin banza suke ba, suna da hujja, kuma gara a fara da ita. Idan ka danna totur nauyin mota baya yake komawa, gaba ya yi sama kaɗan, to mota mai jan gaba daidai lokacin da take buƙatar tayoyinta su kama ƙasa lokacin ne nauyi yake barinsu. Ga shi tayoyin nan guda biyu su ne masu ja, su ne masu juyawa, kuma mafi yawan aikin birki a kansu yake. Inji da giyabos duk suna can gaba a cushe, kusan kashi 60 na nauyin motar a kan tayoyin gaba, shi yasa in ka shiga kwana da gudu sai kaji motar tana so ta miƙe maimakon ta bi inda ka murɗa. In kuma injin mai ƙarfi ne ka take shi lokaci ɗaya sai sitiyari ya riƙa fizgar hannunka, musamman a motocin da shaf ɗin dama da na hagu ba tsawonsu ɗaya ba. BMW ta daɗe tana alfahari da cewa nauyin motocinta rabi gaba ne rabi baya, kuma wanda ya san tuƙi zai ji bambancin a hannunsa, wannan ba gardama.

Akwai ma wani abu da ido ke gani ko mutum bai san sunansa ba. Motar da aka miƙar da injinta a tsaye daga gaba zuwa baya, tayar gabanta tana can kusa da hanci, sai a samu tazara mai tsawo tsakanin taya da ƙofar direba, bonet ya yi tsawo, motar ta yi kamar ta jingina da baya. Wadda aka kwantar da injinta a gicciye kuwa tayar tana manne da ƙofa, hancin ya zarce gaba sosai. Ka ajiye Mercedes S-Class kusa da kowace mai jan gaba ka kalle su daga gefe zaka gane me nake nufi. Mutane da yawa ba za su iya gaya maka dalili ba amma za su ce maka waccan ta fi "kama da kuɗi".

Inda muka rabu da su shi ne da suke cewa jan gaba abin ƙananan motoci ne tun asali. Wallahi ba haka tarihin yake ba. Cord L-29 da ta fito a Amurka a 1929 motar masu hannu da shuni ce, kuma da gaba take ja. Citroën ta fito da Traction Avant a 1934, sannan DS a 1955, motar da har yau ake sa ta cikin mafi kyawun motocin da aka taɓa ƙerawa. A cikin DS shugaban Faransa Charles de Gaulle yake a watan Agusta 1962 lokacin da aka buɗe wa motarsa wuta a Petit-Clamart, harsashi ya fasa tayoyi amma direban ya iya riƙe ta ya fice da gudu. A 1966 Oldsmobile ta kawo Toronado mai injin V8 lita 7 tana ja da gaba, shekara ɗaya bayan nan Cadillac Eldorado ta bi sahu, zuwa 1970 injinta ya kai lita 8.2. Babu wanda ya kalli Eldorado a lokacin yace motar talaka ce. Abin da ya canza shi ne bayan Mini ta 1959 ta nuna yadda ake kwantar da inji a gicciye a samu fili a ƙaramar mota da kuɗi kaɗan, sai kuma tsadar mai ta shekarun 1970 ta tura kamfanoni duk suka koma wannan tsarin a motocinsu na gama-gari, daga nan ne jan gaba ya zama alamar araha a kan mutane.

Kuma in ka bi motocin alfarma masu jan gaba da suka faɗi a kasuwa ɗaya bayan ɗaya, zaka ga ba tayar da ke ja ce ta kashe su ba. Cadillac Cimarron ta 1982 ita ce babban misali, an ɗauko Chevrolet Cavalier an sa mata kujerun fata da tambarin Cadillac an ɗora kuɗi kusan ninki biyu, da ɗan injinta mai fulogi huɗu da bai kai ƙarfin doki 90 ba. Mai saye ya kalla ya ga Cavalier ce ƙiri-ƙiri, ko da da tayoyi shida take ja ba zai saya ba. A 1988 aka daina yinta, amma tabon da ta bar wa sunan Cadillac ya daɗe. Jaguar X-Type ta 2001 ma haka, duk da cewa motar ba ta da laifi sosai, labari ya bazu cewa ƙashin Ford Mondeo ne a ƙasanta, shikenan ta shiga uku har aka rufe babinta a 2009. Lincoln ta dawo da Continental a 2017 a kan ginin da take rabawa da Ford Fusion, kujerunta kam sai wanda ya zauna, amma shekara huɗu kawai ta yi. Acura RLX ita ma a 2020 ta tafi. Citroën C6 kuwa, wadda shugabannin Faransa suka hau, daga 2005 zuwa 2012 ko guda 25,000 ba a ƙera ba, ita nata matsalar daban ce, mutanen da za su kashe irin wannan kuɗin tambarin Jamus suke so a bonet.

Yanzu dawo kan ES ɗin da ake rainawa. Lexus tana da GS, mai jan baya, wadda aka yi ta musamman don ta kara da 5 Series da E-Class, masu rubutu a mujallun mota suna yabonta, makanikai suna yabonta, kowa yana cewa ita ce ta gaske. A 2020 aka daina ƙera ta saboda ba a saye. ES da take raba gini da Camry da Avalon tana nan tun 1989 har yau, ita ce salun ɗin Lexus da ta fi tafiya a Amurka shekara da shekaru, har ma ita aka kai Turai ta maye gurbin GS ɗin. To wa ya ci gasar kenan? Masu surutu sun zaɓi GS da baki, masu fito da kuɗi sun zaɓi ES.

Dalilin ba ɓoyayye bane. Mutumin da yake sayen irin wannan motar yawanci ba filin tsere zai kai ta ba, daga gida ne zuwa ofis, cunkoso, doguwar tafiya lokaci-lokaci. Abin da yake nema shi ne in ya rufe ƙofa hayaniyar waje ta ɗauke, in an faɗa rami kada ya ji a ƙugunsa, na baya ya miƙe ƙafa, kar ta sha mai kamar an huda tanki, kuma kar ta maida shi ɗan gidan makanike. A duk waɗannan jan gaba ba ya rage komai, wasu ma ƙari yake yi. Babu farfela da za ta ratsa ƙarƙashin mota zuwa baya, nauyi ya ragu, ƙarfin da ke ɓacewa a hanya kafin ya kai taya ya ragu, fili a ciki ya ƙaru. A kan titi mai santsi, ruwan sama ko ƙanƙara, tashi daga tsaye ya fi sauƙi tunda nauyin inji yana danne da tayoyin da ke ja, wannan na cikin abin da yasa Saab da Volvo na Suwidin suka rungumi tsarin. Wancan fizgar sitiyarin da miƙewa a kwana kuwa sai ka matsa wa mota sosai kafin su bayyana, kuma na'urorin da ke hana taya sulɓewa a motocin yanzu sun danne mafi yawansu.

Wani abin dariya, a wajen 2010 shugaban BMW na lokacin Norbert Reithofer da bakinsa yace bincikensu ya nuna kusan kashi 80 na masu 1 Series sun ɗauka motarsu da gaba take ja, alhali da baya take ja. Kamfanin da ya gina sunansa kacokan a kan jan baya kenan fa. Ba a daɗe ba a 2014 suka fito da 2 Series Active Tourer mai jan gaba, a 2019 kuma 1 Series ɗin kanta ta koma jan gaba. Mercedes ta riga ta fito da CLA tun 2013. Masu kuka sun yi kuka, motocin kuma an saye su.

Audi fa? Wannan shi ne abin da masu sukar suke tsallakewa da gangan. A4 da A6 na ƙasa-ƙasa da aka sayar a Turai da Sin da gaba suke ja, shekara da shekaru, kuma ban taɓa jin wani ya cire Audi daga sahun manyan Jamus uku saboda haka ba. Dabararsu ita ce injin a tsaye yake ba a gicciye ba, sannan tun 1980 suka ɗaure sunansu da quattro, wato ja da tayoyi huɗu, har mutum yana tuƙa mai jan gaba amma a ransa quattro yake ji. A ƙasar Sin inda A6L mai dogon jiki ta daɗe tana zama motar manya, mai motar sau da yawa a baya yake zaune direba na ja, me ya dame shi da yadda sitiyari ke ji a kwana? A Koriya ta Kudu ma Hyundai Grandeur mai jan gaba ta sha zama motar da aka fi saya a ƙasar gaba ɗaya.

Amma fa akwai rufi, kuma ban ga amfanin ɓoye shi ba. Akwai matakin da in aka kai, jan gaba zalla ba ya shiga. Da Toyota ta tashi tunkarar S-Class a 1989 ba Camry ta ɗauko ba, sabon gini ta yi, Lexus LS 400 mai V8 da jan baya. Da Hyundai ta so a ɗauke ta da muhimmanci a 2008 Genesis mai jan baya ta yi. Cadillac bayan ta kwashe shekaru tun 1985 tana sayar da DeVille mai jan gaba ga dattawa, da ta so jawo matasa masu kuɗi sai ta koma jan baya da CTS a 2002. A can sama ana maganar ƙarfin doki 400 zuwa 600 ne a mota mai nauyin tan biyu, tayoyin gaba biyu ba za su iya sauke wannan ƙarfin a ƙasa ba kuma su juya mota. Ita kanta Continental ɗin da na ambata, injinta mai doki 400 ba a sayar da shi sai da ja huɗu. A wannan matakin kuma mutum yana biyan kuɗin abin da ba zai taɓa amfani da shi ba ne, yana so ya san akwai shi kawai, kuma yana so ya san ba a raba ƙashin motarsa da ta haya ba. Don haka in tambayar ita ce ko mai jan gaba za ta ture S-Class ko BMW 7 Series, a'a, kuma kamfanin da ya gwada ɗora mata irin wannan kuɗin zai sha kashi. In kuma tambayar ita ce ko za ta iya cin kasuwa a tsakiya inda mafi yawan masu sayen motar alfarma suke, ai ta riga ta ci, ba ma batun "za ta iya" bane.

Abin da ya fi ban mamaki shi ne yadda wannan gardamar take tsayawa a kan salun kawai. Lexus RX tun 1998 a kan ginin jan gaba take, tana cikin motocin alfarma da aka fi saya a Amurka, Volvo XC60 da XC90 ma injinsu a gicciye yake, amma da yake jif ne ba ka jin kowa yana tambayar wace taya ce ke ja. Kuma in gaskiya za a bi, waɗannan jif-jif ɗin su ne suka cinye kasuwar Continental da Cadillac XTS da RLX, ba wata BMW mai jan baya ba, tunda GS mai jan bayan ma tare suka tafi a tsakanin 2019 da 2020.

Motocin lantarki kuma sun zo suna rikita lissafin gaba ɗaya. Batir yana kwance a ƙasa, nauyi ya rabu daidai, injin lantarkin ɗan ƙarami ne ana iya ajiye shi gaba ko baya ba tare da farfela ba, to arahar da ke sa a zaɓi jan gaba ta ragu sosai. Tesla Model 3 ta ƙasa da baya take ja, Polestar 2 da ta fara da jan gaba a mai inji ɗaya a 2023 aka mayar da injin baya saboda ƙarfin lantarki lokaci ɗaya yake zuwa kuma tayoyin baya sun fi iya riƙe shi. Ina ganin nan da wasu shekaru salun ɗin alfarma masu jan gaba da za su rage yawancinsu masu haɗa fetur da batir ne irin ES 300h, wadda in kana cikinta a cunkoso ba ka ma sanin injin ya tashi ko bai tashi ba, kuma masu sayenta ba za su fasa ba don wani yace Camry ce.