Ƙannena na Jos, musun Windows da Linux ya fara cin zumuncinmu

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa, musamman ƙannena masu koyon ilimin kwamfuta a garin nan namu na Jos.

Akwai wata ɗabi'a da ta yi mana katutu a Facebook da X da zaurukan WhatsApp, kuma ina ganin shirun da ake yi a kanta ya isa haka. Yaro zai zo da tambaya tsakaninsa da Allah, ya ce kwamfutarsa ta yi nauyi, ko ta ƙi buɗe wani shafi, yaya zai yi? Kafin ya samu amsa ɗaya mai amfani an riga an raba gari. Wannan ya ce duk mai amfani da Windows bai san kwamfuta ba. Wancan ya ce 'yan Linux masu son banza ne, rashin kuɗi ne ya kai su. Na uku ya shigo da Mac ɗinsa yana yi wa kowa kallon raini. A wuni ana jifan juna da baƙar magana, a koma kan Chrome da Firefox, wani lokaci har a sa iyaye a ciki. Mai tambaya kuwa tuni ya sulale, kwamfutarsa tana nan yadda take, kuma daga ranar ba zai sake tambaya a gaban mutane ba. Wannan asarar ce ta fi damuna, domin yaron da ya daina tambaya ya daina koyo.

Ni kaina na fi karkata ga buɗaɗɗun manhajoji, kuma ba na ɓoye hakan. Shi ya sa zan fara da mutanen ɓangarena. Da yawanmu ba mu san asalin abin da muke taƙama da shi ba. A shekarar 1983 wani Ba'amurke mai suna Richard Stallman ya fara aikin GNU, bisa ra'ayin cewa duk wanda ya samu manhaja yana da 'yancin ya yi aiki da ita, ya duba yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya kuma ba wani. A 1991 Linus Torvalds, ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, ya fitar da tushen abin da ya zama Linux, ya gayyaci mutane su gwada su faɗa masa inda ya gaza. Abin da ya raya wannan tafiya shi ne mutanen da ba su taɓa ganin juna ba suna amsa wa juna tambaya, suna aiko da gyara, ba tare da an biya su ba. To, kai da ka ɗora Ubuntu, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, a kan kwamfutarka watan jiya, ka dawo kana yi wa ƙaninka dariya don bai san abin da ka sani ba, me ka ɗauko daga waccan tafiyar? Manhajar kawai ka ɗauko, ka bar tarbiyyar da ta haife ta.

Ku kuma masu cewa Linux kayan wasan yara ne, ku duba wayar da ke hannunku. In Tecno ce ko Infinix ko itel ko Samsung, Android ce ke tafiyar da ita, ita kuwa Android a kan tushen Linux aka gina ta. Da Linux ɗin kake zagin Linux. Tun ƙarshen 2017, duka kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya da shi suke aiki. Amma shi ma mai zagin Microsoft, kamfanin da ya yi Windows, a ina yake ajiye ayyukansa? A GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, wanda Microsoft ya saya a 2018 kan dala biliyan 7.5. A 2001 shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, ya kwatanta Linux da ciwon daji. Zuwa 2016 kamfanin da kansa ya kawo hanyar gudanar da Linux a cikin Windows. Su masu abin sun duba maslaharsu sun sauya matsayi, suna aiki tare inda riba ta haɗa su. Mu da ba mu da ko sisi a hannun jarinsu, mu ne muka riƙe gabar muna ɓata da abokan da muka tashi tare a Unguwar Rogo da Gangare.

Maganar burauza ma haka take, har ta fi ba ni mamaki. Google ya fitar da Chrome a 2008, a kan wani buɗaɗɗen tushe da ake kira Chromium. Opera ta koma kan wannan tushe a 2013, Edge na Microsoft ya biyo baya a 2020, Brave ma a kansa take. Wato mai Edge da mai Chrome da mai Brave da ke cacar baki, injin da ke zana musu shafi kusan ɗaya ne, riga ce ta bambanta. Firefox ce ke da nata injin daban, haka Safari ta Apple. Kuma ita Mozilla mai Firefox, mafi yawan kuɗin shigarta daga Google yake fitowa, saboda yarjejeniyar sanya shi a matsayin wurin bincike na farko.

A nan akwai muhawara ta gaske da ta cancanci lokacinmu. Idan kusan kowace burauza ta dogara da inji ɗaya, kamfanin da ya fi ƙarfi a kan injin shi zai riƙa tsara yadda intanet za ta kasance. An taɓa ganin irin haka a farkon shekarun 2000, lokacin da Internet Explorer ta mamaye kasuwa har masu gina shafuka suka riƙa yi don ita kaɗai, ci gaba ya tsaya cik sai da Firefox ta fito a 2004. Wanda ya ce yana amfani da Firefox don kada zaɓi ya ƙare, yana da hujja mai ƙarfi, kuma ina tare da shi. Amma hujja ana shimfiɗa ta ne, a bar mutum ya auna. Haka kuma ƙanwarka da ke amfani da Opera Mini ba jahila ba ce. Wannan burauza tana matse shafi a kwamfutocin kamfanin kafin ya iso wayarta, don haka data ba ta saurin ƙarewa. Wanda ya san yadda kuɗin data ke cin aljihun ɗalibi ba zai raina wannan ba. Abin da ya kamata ka gaya mata shi ne shafukan suna bi ta hannun kamfanin kafin su zo gare ta, sai ta san inda za ta yi amfani da ita da inda za ta kiyaye.

Yanzu bari in zo kan harshe, don shi ne asalin ciwon. Wasu suna ganin kaushin baki alamar ƙwarewa ce, suna kafa hujja da cewa manyan masana ma haka suke. Gaskiya ne Torvalds ya yi suna wajen zafin magana ga masu aiko masa da gyara. Amma a watan Satumban 2018 shi da kansa ya fito ya ba da haƙuri, ya janye daga aikin na ɗan lokaci don ya gyara halinsa. Mutumin da ya kafa abin ya gane cewa harshensa yana korar mutane. Mu kuwa muna da abin da ya fi wannan kusa. A Suratul Hujurat, aya ta 11, Allah ya hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ya hana jifan juna da miyagun laƙabobi, kuma ba a ware intanet daga hanin ba. 'Yan uwanmu Kirista da muke zama aji ɗaya da su ma ba a koya musu wulaƙanta mutum ba. Kuma mu mutanen Jos, da muka ga abin da ya faru a 2001 da 2008 da 2010, bai kamata a koya mana inda rabon "mu da su" yake kai gari ba. Na san musun manhaja bai kai can ba, amma zuciyar da ta saba raina mutum a kan ƙaramin abu ba za ta yi wuyar raina shi a kan babba ba.

Sai gaskiya a cikin magana. Kowane ɓangare yana ɓoye aibinsa yana tallata na wani. Masu cewa buɗaɗɗiyar manhaja ba ta da rami, su tuna Heartbleed a 2014, kuskuren da aka gano a buɗaɗɗiyar manhajar OpenSSL bayan ya shafe kusan shekara biyu a fili, alhali shafuka masu ɗimbin yawa sun dogara da ita wajen tsaro. Su kuma tuna abin da ya faru da xz a watan Maris na 2024. Wata 'yar ƙaramar manhaja ce ta matse fayil da ke cikin kusan kowane Linux, kuma mutum ɗaya ne ɗan sa-kai yake ɗawainiya da ita shekara da shekaru. Aka yi ta matsa masa da saƙonnin ƙorafi cewa yana jan ƙafa, ga shi ya gaji, har ya ba wani da ya daɗe yana nuna taimako damar shiga aikin. Shi kuwa wancan ya dasa ƙofar ɓoye, wato hanyar kutsawa cikin kwamfutocin mutane a asirce. Wanda ya gano ta injiniya ne mai suna Andres Freund, ma'aikacin Microsoft, bayan ya lura da jinkirin kusan rabin daƙiƙa da bai gane dalilinsa ba, ya ƙi kawar da kai, ya bi diddigi. Ku duba da kyau. Buɗewar manhajar ce ta ba shi damar tono abin, wannan nasara ce. Amma matsin lamba da ɗacin baki a kan mai aikin sa-kai suna cikin abin da ya buɗe ƙofar tun farko, kuma wanda ya rufe ta daga kamfanin da muke kira abokin gaba ya fito.

Ɓangaren Windows ma yana da nasa. A watan Mayun 2017 cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har asibitocin Ingila suka riƙa soke ganin marasa lafiya. Microsoft ya fitar da facin ramin tun watan Maris, waɗanda ba su sabunta ba su abin ya ci.

Wannan ya kawo mu kan matsalar da ke gabanmu a yau, wadda ba na ganin ana tattauna ta yadda ya kamata. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina ba Windows 10 facin tsaro na yau da kullum, sai ƙarin wa'adi na ɗan lokaci ga wanda ya yi rajista. Windows 11 kuma tana buƙatar wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da kuma na'urar da ba ta tsufa sosai ba. Yawancinmu kwamfutoci na hannu muke saya a shagunan Taminus da titin Ahmadu Bello, kuma da dama cikinsu ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba. Ga ɗalibin Jami'ar Jos da aikinsa bai wuce rubutu da bincike da koyon rubuta manhaja ba, Linux Mint ko Ubuntu za su iya ƙara wa tsohuwar kwamfutarsa shekaru, kuma zai iya gwadawa daga filasha ba tare da ya goge komai ba. Amma mai shagon buga katin biki da ke cin abinci da CorelDRAW, ko ɗalibin zanen gine-gine da malaminsa ya ce sai AutoCAD, in ka sa shi ya goge Windows don ka ci musu, ka cuce shi, domin waɗannan manhajoji ba a yi su don Linux ba. Kafin ka ba mutum shawara, tambaye shi aikin da yake yi, da ƙarfin na'urarsa, da ko firintarsa za ta yi aiki. Kuma don Allah kada ka taɓa kwamfutar kowa sai ya kwashe takardunsa da hotunansa ya ajiye a wani wuri. Aikin kammala digiri da ya ɓace ba ya dawowa da ban haƙuri.

Akwai kuma abin da duk muke yi wa shiru, wato manhajar sata. Mutum yana kare Windows da jijiyar wuya, alhali kwafin da ke kwamfutarsa fasasshe ne, Office ɗinsa ma haka. Ban da maganar haƙƙin mai abu, wanda ya fasa manhajar ba ka san abin da ya cusa a ciki ba, kuma a kan wannan na'urar kake shiga asusun bankinka. Ga LibreOffice don rubutu da lissafi, ga GIMP da Inkscape don hoto da zane, ga VLC don bidiyo, duk halal ne kuma kyauta, kuma suna aiki a kan Windows ɗin ma. Ba sai ka sauya sheƙa ba kafin ka amfana.

In kuma da gaske muna son buɗaɗɗiyar manhaja, ga aiki nan jibge yana jiranmu wanda Bature ba zai zo ya yi mana ba. Manhajoji da yawa ba su da fassarar Hausa, wasu kuma fassarar rabi ce. Har yanzu yawancinmu ba mu san yadda za mu saita allon rubutu ya fitar da ƙ da ɗ da ɓ ba, muna rubuta "kasa" a inda muke nufin "ƙasa". Wikipedia ta Hausa tana buƙatar masu rubutu da masu gyara. Shirin Common Voice na Mozilla yana karɓar muryoyin Hausa don na'urori su koyi jin harshenmu, kuma abin da ake so kawai ka karanta jimla ka naɗa, ko ka saurari ta wani ka tabbatar da ita. Babu ɗaya a cikin waɗannan da ke neman sai ka iya rubuta manhaja, kuma babu ruwansu da ko Windows ce a gabanka ko Linux. Wanda ya iya saita haruffan nan a waya da kwamfuta, ya rubuta matakan dalla-dalla da Hausa ya tura zauren da yake ciki a wannan makon, don na tabbata akwai masu buƙata da kunya ta hana su tambaya.