Ba kowane Bature ba ne John

A majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura, nan Katsina, wani ya rantse cewa rabin mazan Ingila John ne sunansu. Tsohon zance ne wannan. John ya ci zamaninsa, don daga 1914 har 1944 shi ke kan gaba a sunayen jarirai maza a Ingila da Wales. Yanzu kuwa ko goman farko ba ya shiga. Alƙaluman hukumar ƙididdigarsu na 2023 sun nuna Muhammad ne na ɗaya, ya ture Noah. Da na faɗi haka sai da aka ce in rantse. Hans na Jamus ma yawanci dattawa ne ke amsa shi. Sunayen kakanninsu muka haddace daga tsofaffin littattafan makaranta.