Kafin ka tura, ka tambayi kanka: ina dalili?

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa.

Yaron da ya karanta Ahalari a zaure ya san hukuncin wanda ya yi shakka cikin sallarsa, raka'a uku ya yi ko huɗu. Zai yi gini a kan abin da ya tabbata, wato uku, ya kawo ɗaya, sannan ya yi sujada ba'adi. Kullum muna aiki da wannan ƙa'ida a gaban Ubangiji, ba mu yarda mu miƙa masa ibadar da ta tsaya a kan "ina jin kamar". To me ya sa idan aka zo kan mutuncin Musulmi sai mu ajiye ta a ƙofar masallaci? Saƙon murya ya shigo waya, ba a san mai magana ba, ba a san inda ya tsaya ya gani ba, kafin la'asar ya zagaye Mabera da Runjin Sambo da Arkilla. Idan ka tambayi wanda ya turo maka, amsarsa ɗaya ce: "Haka munka ji."

Wallahi wannan abu yana damuna ƙwarai. Manzon Allah (SAW) ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji; hadisin yana cikin Muslim. A Suratul Hujurat, aya ta 6, Allah Ya umurce mu da bincike idan fasiƙi ya zo da labari, don kada mu cuci wasu mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. A Suratul Isra'i, aya ta 36, Ya ce ji da gani da zuciya duk abin tambaya ne. Ɗan yatsan da ke danna "tura" yana aiki ne da izinin waɗannan ukun.

Ku dubi yadda Alƙur'ani ya koya mana auna magana a ƙissar Annabi Yusuf (AS). Matar mai gida ta yi zargi, shi kuma ya kare kansa, kowa da maganarsa. Mai shaida daga danginta bai dubi wanda ya fi muƙami ba, bai dubi wanda ya fi ɗaga murya ba. Cewa ya yi a duba riga: in ta gaba ta yage, ita ce mai gaskiya, in ta baya ce, shi ne. Da aka duba sai aka ga ta baya ce, magana ta ƙare. Ku lura, shaidar nan tana kusa, a jikin Yusuf take, abin da ake buƙata kawai mutum ɗaya ya natsu ya yi tambayar da ta dace. Sau nawa ake ihun ɓarawo a kasuwa, a rufe bawan Allah da duka, babu ko mutum ɗaya da ya tsaya ya ce me ya ɗauka, wa ya gan shi, ina kayan? Annabi Sulaiman (AS) ma da hudahuda ya kawo masa labarin Saba, cewa ya yi za mu duba, gaskiya ka faɗa ko kana cikin maƙaryata.

Mu mutanen Sakkwato ba mu da uzuri a nan, domin gadonmu ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rubuta Hisnul Afhami min Juyushil Auhami, littafin da ya bi ruɗe-ruɗen da suka shiga kawunan ɗalibai da jama'a yana warware su. Ya kuma yi raddi mai ƙarfi ga masu kafirta talakawa don ba su iya jero hujjojin tauhidi irin na malamai ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a Infaƙul Maisuri da ya kammala a 1812, ya kawo wasiƙun Shehu El-Kanemi na Borno masu sukar jihadin kansa, ya bar mai karatu ya ji hujjar abokin jayayya da lafazinsa, sannan ya ba da amsa. Mu a yau guntun bidiyo muke yankowa daga karatun malami, mu jefar da farkonsa da ƙarshensa, mu yanke masa hukunci. Wanda ya yi haka bai karɓi komai daga mutanen Hubbare ba, ko da kullum yana kai ziyara.

Wani zai ce ai addini ba da hankali ake yin sa ba. Gaskiya ne cewa hankali ba ya ture nassi ingantacce, kuma ba kiran gardama nake yi ba. Amma da hankali ake gane ko nassin ne ma aka kawo maka ko ƙirƙira ce, kuma da shi ake ɗora wa bawa hukunci, shi ya sa aka ɗauke alƙalami daga mahaukaci. Mai Ahalarin nan da muka faro da shi, Shehu Abdurrahman Al-Akhdari, shi ne kuma ya wallafa littafin Sullam a ilimin manɗiƙi, wato ilimin auna hujja da hankali. 'Yan wuta da kansu, a Suratul Mulk aya ta 10, cewa za su yi da mun kasance muna ji ko muna hankalta, da ba mu shiga cikin 'yan Sa'ira ba.

Saboda haka ka rarrabe wa kanka abin da ka gani da ido, da abin da amintacce ya gaya maka, da abin da kake zato, ka kuma kira kowanne da sunansa idan za ka yi magana. Idan babba ne ya turo maka abin da bai tabbata ba, kada ka kunyata shi cikin jama'a. Ka same shi shi kaɗai, ka ce, "Baba, Allah Ya ƙara girma, a ina aka samo wannan? Ina son in tabbatar kafin in isar." In kuwa ka riga ka tura abu sannan ka gano ƙarya ne, ka koma duk inda ka kai shi ka warware, ka kuma nemi wanda aka ɓata ka roƙe shi yafiya tun yana raye.