Injin walda ba ya korar mai walda

Wasu na ɗauka da zarar tashar wutar lantarki ta sayi injin da ke walda bututu da kansa, sai masu walda su tattara nasu ya nasu. Ba haka ba ne. Injin kewaya bututu yake yi, yana narka ƙarfe cikin iskar argon, kuma abin da aka saita masa kaɗai yake bi. Idan bakin bututun tukunyar tururi bai gogu daidai ba, ko an bar 'yar tazara, haka zai wuce abinsa ya bar rami. Gwani kuwa da ido zai gane. Ƙa'idar ASME, wato ƙungiyar injiniyoyin injuna ta Amurka, ita ma ta tanadi gwaji na daban ga mai sarrafa injin. A lungun da bututu suka cunkushe kuwa, har gobe hannu ake sawa.